Kunun ayana ya lalace a hanyar Abuja, masu oda sun taso ni a gaba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Jos. Na kai shekara biyu ina yin kunun aya da dabino da kwakwa a gida, maƙwabta da 'yan ofis suna saye, ba a taɓa kawo min ƙorafi ba. Bana na yi ƙarfin hali na buga suna a jikin gora, na tallata a Instagram da WhatsApp cewa zan riƙa kaiwa Abuja don buɗa baki. Mutum 140 suka turo kuɗi tun ba a ga wata ba, wasu na sati guda, wasu na wata guda cur. Kayan farko na sa a mota bayan asuba, motar ta lalace a gaban Akwanga, ba ta shiga Jabi ba sai bayan la'asar. Ƙanƙara ta narke, wasu gorori sun kumbura, wasu sun yi tsami. Yaron da ke raba min bai duba ba, ya kai wa kusan mutum 50. Wata ta ce ɗanta ya sha ya kwana yana gudawa. Wata kuma ta ɗora bidiyon gora tana ambaliyar kumfa, tana ce min 'yar damfara. Yau kwana uku na kashe data, ban amsa wa kowa ba. Kuɗin sun tafi a aya da gorori da firiza. Maigida ya ce in yi shiru ƙura ta lafa. Ƙanina ya ce in fito in ce laifin direba ne, in rufe sharhi, in yi wa kowa ragi a oda ta gaba, sannan in aika sabon kaya gobe-gobe. Anti, ina zan sa kaina?

Mai kunu, daga Jos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya mayar da alheri. Kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, kunna datarki ki nemo lambar matar da ɗanta ya yi gudawa, ki kira ta. Kira nake nufi, muryarki ta ji, ba saƙo ba. Ki tambayi jikin yaron, ki ji ko ana ba shi ruwan gishiri da sukari, ki roƙe ta in gudawar ba ta tsaya ba, ko yana amai, ko ya daina shan ruwa, ta kai shi asibiti, kuɗin magani a kanki. Kada ki shiga tambayar me kuma ya ci ran nan. Mai yiwuwa ne ba kununki ba ne, amma ba ke za ki faɗi haka ba, kuma ba yau ba. In ta zazzaga miki faɗa, ki saurara har ta gama. Uwa ce da ta kwana ba ta runtsa ba.

To, yanzu sai maganar shirun nan. Na san maigida tausayinki ne ya sa ya ce ki ja baki ki tsuke, ba ya son ya ga ana yayyaga ki a bainar jama'a. Akwai rigimar da shiru ke kashewa, irin ta gutsiri-tsoma da habaicin dangi. Wannan ba irinta ba ce, domin kuɗin mutane na hannunki. Ki zaunar da shi cikin ladabi ki nuna masa yadda abin yake daga can ɓangaren. Ke kin san kina ɗaki kina kuka. Matar da ke Gwarinpa ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne ta tura kuɗi ga wadda ba ta taɓa gani ba, an kawo mata ruɓaɓɓen kunu, ta aika saƙo ba a buɗe ba, ta kira ba a ɗauka ba. A ƙasar nan kowa ya san wannan salon, ko an yi masa ko an yi wa wani nasa: alat ya shiga, waya ta mutu. Tsamin kunu bai sa an kira ki 'yar damfara ba. Kowace mai girki ta san kunun aya ba ya da haƙuri, da kin fito tun daren farko da rabinsu cewa za su yi Allah ya kiyaye gaba. Kwana ukun nan ne suka jawo miki sunan, kuma kowace rana kika ƙara, mutum goma da ke kyautata miki zato za su koma layin mai bidiyo.

Saboda haka yau za ki yi magana, kuma ke da kanki. Ba ƙaninki ba, ba yaron delibari ba. Saƙo ɗaya za ki rubuta, ki tura wa kowane mai oda ta lambarsa, sannan ki ɗora shi a shafinki inda kika yi tallar tun farko. Ga misalin yadda zai iya kasancewa, ki juya shi da bakinki:

"Assalamu alaikum. Ni ce mai kunun aya. Kunun da na aiko Abuja ranar farko ya lalace a hanya, ya yi awanni babu sanyi, kuma aka raba ba tare da na sa an duba ba. Wannan sakacina ne. Don Allah duk wanda yake da ragowa a firij ya zubar, ko da bai ga alamar lalacewa ba. Wanda ya sha ya ji ba daɗi a jikinsa ya kira ni kai tsaye a wannan lambar. Na dakatar da kai kunu Abuja. Zan mayar wa kowa kuɗinsa: waɗanda aka kai wa lalatacce kafin ranar kaza, sauran kuma kashi biyu, ranar kaza da ranar kaza. Shirun da na yi kwana uku ma kuskure ne, ku yafe ni."

Ki lura da abin da babu a ciki. Babu "in har wani ya ji ba daɗi", alhali kin san sun ji. Babu "wasu 'yan gorori ƙalilan", alhali ba ki ƙirga ba. Babu dogon tarihin yadda kika faro sana'a da wahalar da kika sha, wannan sai ranar da aka tambaye ki. Babu kuma zancen mahassada. Na faɗi wannan ne don na san halinmu: da zarar kasuwa ta yi tuntuɓe sai a cika sitatus da "Allah ya fi ku" da "maƙiya sai dai ku gani". Wanda ke bin ki naira dubu ashirin in ya ga haka, shi zai ɗauka ake yi wa habaici, kuma yana da gaskiya.

Layin da ya ce a zubar da ragowar shi ne mafi nauyi a saƙon, kada ki cire shi don kunya. A 1982 mutum bakwai sun mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya zuba wa guba. Ba a masana'anta aka zuba ba, amma kamfanin Johnson & Johnson ya janye kusan kwalba miliyan 31 daga kasuwa, ya yi shela a daina sha, ya yi asarar da ta kai dala miliyan 100. Har yau ana sayen maganin. Naki goruna ne 'yan ɗaruruwa, amma dalilin ɗaya ne: ba ki san wace gora ce lafiyayya ba, kuma gorar da ba ta kumbura ba ba shaida ce ta lafiya ba.

Shawarar ɗora wa direba laifi ita ce ta fi kama da gaskiya, shi ya sa ta fi haɗari. E, mota ta lalace, ba ƙarya ba ne, kuma kina iya faɗa in an tambaye ki. Amma ba direba suka tura wa kuɗi ba. Ke kika zaɓi motar, ke kika auna ƙanƙarar, yaronki ne ya raba bai buɗe ko gora ɗaya ba. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya zo daidai da wannan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ba a ƙaryata shi ba, amma ba a karɓi hakan a matsayin mafita ba. Abin da aka tambaye shi shi ne me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan aka ce wanda ya yi algus ba ya tare da Annabi. Ke ba ki yi niyyar algus ba, na yarda. Amma ruwan sama da lalacewar mota duk uzuri ne na abin da ya sami kaya. Ba sa ɗauke wa mai kaya nauyin bayyana aibin.

Sai kuɗi, wanda na san shi ne ainihin abin da ya hana ki barci. Ɗauki littafi yau da daddare bayan asham, ki rubuta sunan kowa, nawa ya turo, me aka kai masa, nawa yake bin ki. Kada ki dogara da abin da ke kanki, ki bi alat ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa jimillar da ke firgita mutum a zuci takan fi ta takarda girma. Daga nan ki duba abin da ke hannunki. Busasshiyar aya ba ta lalace ba, dabino kuwa a watan azumi ba ya neman mai talla. Ki sayar da abin da ya fi ƙarfin bukatarki ko da ribar ta tafi. Cinikinki na cikin Jos bai taɓa samun matsala ba, ki ci gaba da shi, abin da ya shigo kullum ya tafi wajen biyan bashi. In kina cikin adashi, ki nemi a yi miki musanyar kwasa. Firiza ita ce jarin da za ki tashi da shi, ita za ki taɓa a ƙarshe, amma in ranar alkawari ta zo babu wata hanya, ita ma ta tafi.

Ranakun da za ki sa a saƙon su fito daga littafin nan, ba daga tsoron masu zagi ba. In lissafi ya nuna za ki iya biya a kwana goma, ki ce sati biyu, ki biya a kwana goma. Kada ki ce "nan ba da jimawa ba" ko "in sha Allahu cikin satin nan". Ki faɗi in sha Allahu, amma ki haɗa shi da rana da kwanan wata. Cinikin da kika yi, na karɓar kuɗi kafin kaya, malamai suna kiransa salam, kuma da Annabi ya iso Madina ya tarar ana biyan kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe, sharaɗin da ya gindaya shi ne awo sananne, nauyi sananne, da lokaci sananne. Lokacin farko ya kuɓuce miki. Na biyun da za ki yanka da bakinki shi ne abin da ya rage miki na mutunci a wajensu, kuma in kika saɓa shi ba wanda zai saurari na uku.

Ki fara da uwar yaron, sai waɗanda aka kai wa lalatacce, sai masu ƙaramin kuɗi don ki rage yawan bakunan da ke kiranki, sannan masu odar wata guda, su ki raba musu biyu. Duk wanda kika tura wa, ki bi shi da rasit da gajeren ban haƙuri. Wasu za su ce ki bar kuɗin, za su jira har ki gyara. Ki yi godiya, ki rubuta sunansu daban, amma kada ki roƙi kowa ya yi haka, kada kuma ki mai da shi zaɓin farko. Ko a dokar ƙasa haƙƙinsu ne. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi ko haɗari ya karɓi kuɗinsa, kuma hukumar ta sha faɗin cewa rubutun nan na "ba a mayar da kuɗi" da ake mannawa a shaguna ba ya soke wannan haƙƙin. Ba don in tsorata ki na kawo wannan ba. Cikin masu odarki na Abuja da wuya a rasa wanda ya san inda ake kai ƙara.

Ragin da ƙaninki ya kawo shawara, ajiye shi tukuna. Ragi a oda ta gaba ma'anarsa su sake turo miki kuɗi alhali ba su ga amfanin na farko ba. Wanda ransa ke ɓace zai ji kamar talla ake yi masa a kan asararsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, askin nan kuwa shi ne kuɗinsu ko lafiyayyen kunu. Kyauta tana da daɗi, amma bayan an biya bashi. Ranar da kika dawo da ƙarfinki, ki aika wa waɗannan mutum 50 gora bibbiyu ba tare da kin yi shela ba, ba tare da kin ce su ɗora a shafinsu ba. A lokacin za ta zama gyara, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda yake so ya dawo.

Inda na fi jin tsoro a wasiƙarki shi ne maganar aika sabon kaya gobe. Kada ki yi. Kin ɗauka motar ce matsala, ni kuwa ina ganin motar ta tona matsalar ne kawai. Kunun aya ruwa ne mai zaƙi da maiƙo da sitaci, ga dabino ga kwakwa, ba a dafa shi ba, ba shi da tsamin da zai kare shi. Abinci ne na ƙwayoyin cuta da na yis. Da ya bar sanyi suke fara aiki, suna cin sukarin suna fitar da iska, iskar ce ke kumbura gora, ita ce kumfar da kika gani a bidiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa abinci mai saurin lalacewa a riƙe shi ƙasa da digiri 5, kuma kada dafaffen abinci ma ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. Shekara biyun da kika yi lafiya kin yi su ne a Jos, garin da ke kan tudu kusan mita 1,200 sama da teku, inda kunu ke fita daga firij ɗinki ya shiga hannun mai sha cikin rabin awa. Da mota ta gangara Hawan Kibo an bar wannan sanyin a baya. Akwanga, Keffi, cunkoson Mararaba da Nyanya, sannan zafin Abuja na bazara, sannan yaro a kan babur daga Jabi zuwa Kubwa zuwa Lugbe da rana tsaka. Ko motar ba ta lalace ba, wanda ke ƙarshen layi yana cikin haɗarin karɓar kunun da ya fara juyawa.

Kamfanin Samsung ya faɗa wannan ramin da duk girmansa. A watan Agustan 2016 ya fitar da wayar Galaxy Note 7, batura suka fara kamawa da wuta, a farkon Satumba ya janye kusan miliyan biyu da rabi ya yi gaggawar raba wasu a madadinsu. Jama'a sun yi haƙuri da wannan. Sai waɗanda aka ce an gyara su ma suka fara hayaƙi, har ɗaya a cikin jirgin sama a Amurka. A watan Oktoba aka daina ƙera wayar kwata-kwata, aka hana shiga jirgi da ita. Sai a Janairun 2017 kamfanin ya fito ya bayyana cewa baturan farko da na biyun kowanne da irin aibinsa. Kuskuren farko mutane sun ɗauke shi tsautsayi. Na biyun ne ya kashe wayar.

Don haka Abuja ta jira, ko da azumin bana zai wuce. In kina son komawa, ki gwada da kuɗinki ba da cikin mutane ba. Ki daskarar da gora ashirin su zama ƙanƙara, ki jera a kula mai kyau, ki sa a mota a irin lokacin da za ki riƙa aikawa, ki sa wata 'yar uwa a can ta riƙa buɗe ɗaya-ɗaya, da isowa, bayan awa biyu, bayan awa huɗu, washegari daga firij, tana gaya miki wari da ɗanɗano da ko ya fara yauƙi. Ki maimaita a ranar da aka yi zafi sosai. Mai yiwuwa abin da za ki gano shi ne a can ya kamata a riƙa markaɗawa, ko ki koma sayar da haɗin busasshe mai saye ya markaɗa da kansa, ko ki taƙaita ga unguwa biyu. Kuma tunda kin buga suna a jikin gora kina tsallaka jiha da ita, kin fita daga sahun mai kunun unguwa. Abin sha da aka ƙunsa don sayarwa yana bukatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Ki je ofishinsu na Jos ki ji sharuɗɗan ƙananan masu sana'a, ki riƙa rubuta ranar da aka yi da yadda za a ajiye a jikin kowace gora, kuma ko da wasa kada wani mai buga takarda ya lallaɓe ki ki sa lambar da ba taki ba.

Mai bidiyo fa? Ki amsa mata a ƙarƙashin bidiyon, sau ɗaya, a taƙaice: kin gani, gaskiya ne kunun ya lalace, kin ba ta haƙuri, kuɗinta na zuwa ranar kaza. Ba don ita kaɗai za ki rubuta ba, don ɗaruruwan da ke karantawa ba sa cewa komai. Sauran maganar ku yi ta a waya. Kada ki ce sai ta goge kafin ki biya ta, kada ki turo ƙawaye su yi mata taron dangi, kada ki yi mata barazanar lauya a kan abin da ya faru da gaske. Sharhi kuma ki bar shi a buɗe. In kika rufe, maganar ba ta mutu ba, ta koma inda ba za ki iya amsawa ba ne. Zagin iyaye da batsa kina iya gogewa, ƙorafi kuwa ki bar shi, amsarki na ƙarƙashinsa.

Daga nan ki tsayar da lokaci guda kullum, a ce bayan la'asar, ki rubuta layi biyu a shafinki: yau na mayar wa mutum kaza, saura kaza. Ko ranar da ba ki biya kowa ba ki fito ki ce yau ban samu ba, ranar alkawari tana nan. Wannan zai rage miki kiran waya fiye da duk wani dogon bayani, kuma zai ba ki damar ajiye wayar ki yi buɗa baki da iyalinki. Tallar sabon kaya da hotunan kwalliya su dakata har sai sunan ƙarshe ya fita daga littafin.

Direban kuma, in kina ganin akwai sakacinsa, misali ya ɗauki kaya ya san motarsa ba lafiya, ko ya ƙi kiran ki da ta tsaya, wannan maganar tasha ce. Maigida ya je ya sami shugabannin tashar, a zauna, a ga ko za a rage miki wani abu daga kuɗin webil ko na kaya. Sunansa da lambar motarsa kada su hau intanet. Yaron delibari ma ba korar sa za ki yi ba, tunda ba ki taɓa ce masa ya duba ba. Ki koya masa: ya taɓa gora ya ji sanyinta, ya duba gindinta ko ya turo, ya buɗe ɗaya daga kowace kula, in ya yi shakka ya kira ki kafin ya tayar da babur.